Kiwon Ɓeran Masar: Namiji Ɗaya a Kowane Ɗaki



Wadda ta ci rance a akwatin ƙungiya don kiwon ɓeran Masar, ta riƙe wannan: kada ki haɗa maza biyu wuri ɗaya alhali akwai mata. Cizon juna za su yi ta yi har ɗaya ya jikkata, ga kuma rance yana jiranki. Namiji ɗaya, mata huɗu ko biyar, ya isa.

Macen tana ɗaukar ciki sati 9 zuwa 10, ta haifi biyu zuwa huɗu. Da 'ya'yan sun kai sati 3, ki ware mazan, in ba haka ba za su fara barbarar uwarsu.

Ɗakinsu ya zama cikin inuwa, don zafin bazara yana kashe su. Ki rufe samansa da waya saboda kyanwa da shaho. Ki kifa fasassun tukwane, kowanne ya samu maɓoya, kwanon abinci kuma biyu, don kada babba ya hana ƙarami ci.

Mu nan Tudun Wada da Doguwa ba mu rasa dusar masara da harawa, amma ɗanyen ganye kullum dole ne, kamar ganyen dankali.

Kafin zama na gaba, kowacce ta ƙirgo mazanta.