Kafin a Sayi Kwancen Babur na Tsere



An nemi mu yi magana a kan sayen kwancen babur na tsere, watau irin nan mai rugugi kamar aradu, wanda samari ke kira fawa-bayik. Ba mu zo hana kowa ba. Iyayenmu ma da aka biya su kuɗin Udoji cikin 1975, da yawansu kantin babura suka nufa. Sai dai nasu sabo ne fil. Mu kuwa, tun da darajar Naira ta zube cikin 2023, ba abin da albashin ƙaramin ma'aikaci ke iya kaiwa gare shi sai wanda wani ya hau ya gaji a Turai ko Amurka.

Bari mu ɗan waiwayi baya. Cikin 1969 kamfanin Honda ya fito da CB750 mai silinda 4, ya ƙwace kasuwa daga hannun maƙeran Ingila, har BSA ya durƙushe cikin 1973. Daga nan Japanawa suka shiga rige-rigen gudu a junansu. Da Suzuki Hayabusa ya haura kilomita 300 cikin awa ɗaya a 1999, sai kamfanonin suka ji tsoron gwamnatocin Turai, suka shirya a tsakaninsu kada wani ya ƙara wuce nan.

Yau kasuwar ta juya. Dokar hayaƙi ta tsananta a Turai, Yamaha ya daina sayar da R6 na hawa titi a can bayan 2020, R1 ma tun 2025 sai na filin tsere. KTM na Ostiriya bashi ya kayar da shi cikin Nuwamba 2024, kuma wanda ya ɗaga shi ya zama uban gidansa cikin 2025 shi ne Bajaj na Indiya, mai Boxer ɗin nan na 'yan acaɓa! Abin da ya shafe mu a nan shi ne, samfurin da aka daina ƙerawa, kayan gyaransa sukan yi wuya, su yi tsada.

To, in an je wurin dillali fa? A tafi da sassafe, a ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi, mai yiwuwa don a ɓoye wahalar tashinsa. A tayar a gabanmu, a dubi salansa: shuɗin hayaƙi alama ce yana cin baƙin mai. A hau, a ja totur sosai a giya ta biyu, domin ita ce ke fara zamewa a babur ɗin da aka wahalar. Kada sabon fenti ya ruɗe mu. Roba ce, ana canza ta da araha. A leƙa ƙarƙashinta a nemi walda ko lanƙwasa a jikin ƙarfen, gama wanda ƙashinsa ya karkace ba ya sāke miƙewa. In an ga kawunan notina da 'yan hudoji, to ya yi zaman filin tsere, domin a can ake huda su a ɗaure da waya. Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta: lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta tsufa ta bushe, ko da zanenta bai cinye ba.

Takardu sun fi duk wannan muhimmanci. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 lalle ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta rasit. In an ga alamar kankara a wurin, a juya a tafi, kome arhar, don sayen kayan sata ba ya ƙarewa sai a caji ofis.

Saura lissafi, wanda yawancinmu ba mu so. Wannan inji an ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen titi da tataccen fetur, ba don ramukanmu da man bumburutu ba, kuma ba kowane bakanike ne ya san cikinsa ba. A nemo bakaniken tukuna, a tafi da shi wurin ciniki. A kuma ware kuɗin hular kwano ta gaske, da safar hannu, da taya biyu sababbi kafin a taya. Wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce Boxer ba, muna ba shi shawara ya fara da mai cc 300 ko 400, ya shekara a kai, ya bar mai 1000 a shagon dillali.