Mahawira a Bakin Abokan Hamayyarsa



Duk wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Tsafe sai ya wuce dutsen Kwatarkwashi, inda Maguzawa suka daɗe suna bautarsu. Akasarin abin da aka rubuta a kansu ba su suka rubuta ba. Irin wannan matsala ce ke gaban mai binciken farkon addinin Jain a Indiya, domin wasu daga cikin tsofaffin bayanai kan Mahawira, babban malamin addinin, suna cikin littattafan mabiya Buddha ne, cikin harshen Pali. Wato jin labarin mace daga bakin kishiyarta.

Mahawira da Buddha zamaninsu ɗaya, yankinsu ɗaya, ƙasar Magadha da kewayenta. Mabiya Jain sun ce Mahawira ya mutu a shekara ta 527 kafin haihuwar Annabi Isa, masana da dama kuma suna matso da shekarar gaba. Littattafan Pali suna kiransa Nigantha Nataputta, kuma ba sa raga masa. Sun nuna almajiransa a kan wani baƙin dutse kusa da Rajagaha, a tsaye, sun ƙi zama, suna azabtar da jiki don su ƙone laifukan da suka ɗauko daga rayuwar baya. Buddha ya tambaye su ko sun san yawan laifin da ya rage, suka ce ba su sani ba.

Labarin Upali ya fi daɗin ji. Attajiri ne a Nalanda, mai ciyar da mutanen Nataputta. Ya tafi don ya kayar da Buddha a muhawara kan wane ne ya fi nauyi, aikin jiki ko niyyar zuciya, sai ga shi ya dawo almajirinsa. Buddha ya umarce shi da kada ya yanke wa tsofaffin malamansa sadaka. Nataputta kuwa, wai da ya ji, sai ya yi aman jini. Wannan aman jinin, ni dai ban saye shi ba, gishirin mai ba da labari ne.

Amma ƙiyayyar ta yi rana. Turawa sun daɗe suna zaton Jain reshen addinin Buddha ne, har Bajamushe Hermann Jacobi, a fassarorinsa na 1884 da 1895, ya nuna ba haka ba ne. Littattafan Pali sun jingina wa Nataputta hani huɗu, alhali alkawuran Mahawira biyar ne. Huɗun na Parshwa ne, malamin da Jain suka ce ya gabace shi da shekara 250. Mabiya Buddha sun cakuɗa malamai biyu, kuma kuskuren nasu ya zama shaida cewa sun tarar da jama'ar Jain da daɗaɗɗen tsarinta tun kafin Buddha ya fara wa'azi.