Ɗora Shafin Intanet Kan Saba da Kayan da Ke Cikin Kwamfuta



Sau da yawa ɗalibi kan gama rubuta shafinsa, ya biya kuɗin masauki, kamfani ya turo masa adireshin saba da sunan shiga da kalmar sirri, sai ya bazama neman manhajar da zai ɗora fayilolinsa da ita, alhali abin da yake nema na zaune cikin kwamfutarsa tun ranar da ya saye ta.

Mu fara da tsohuwar hanya, wato FTP. Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ƙa'idojinta a 1971, aka sake tsara su a 1985. A Windows, buɗe taga irin wadda kake duba fayilolinka da ita, ka rubuta ftp:// da adireshin sabar a layin sama, ka sa sunanka da kalmar sirri. Sabar za ta bayyana tamkar wata jaka a kwamfutarka. Sai ka ja fayilolin ka jefa cikin jakar da kamfanoni da yawa ke kira public_html, ka tabbatar shafin farko sunansa index.html. Masu Mac kuwa, Finder zai nuna muku abin da ke sabar ta FTP, amma ba zai bar ku ku ɗora komai ba, kuma Apple ta cire umarnin ftp daga tsarinta a 2017.

Ga inda gizo ke saƙa. FTP na aika kalmar sirri tsirara, ba a ɓoye ba. Duk wanda ke kan hanyar da saƙon ke bi, ko a waifai ɗin makaranta ko a shagon intanet, yana iya karanta ta in ya san aikinsa. Irin wannan satar kalmar sirri ce ta auku a jami'ar fasaha ta Helsinki, ta sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a 1995, wadda ke kulle duk abin da ke wucewa tsakaninka da sabar. Chrome da Firefox ma sun yi watsi da FTP a 2021. Ni dai ba na koya wa ɗalibaina ita sai don su gane ta idan sun ci karo da ita.

Abin da nake so ku riƙe shi ne sftp da scp, waɗanda ke tafiya bisa SSH ta ƙofa mai lamba 22. Mac da Linux sun daɗe da su, Windows 10 kuma ta fara zuwa da su a shirye tun sabuntawar Afrilun 2018. Ka buɗe baƙar tagar umarni, ka rubuta sftp da sunanka da adireshin, ka shiga. Umarnin cd zai kai ka jakar da kake so, put ya ɗora fayil, put -r ya kwashi jaka sukutum. Na san baƙar tagar nan na ba wasunku tsoro. Kwana biyu ne, hannu zai saba.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Galibin sabobi Linux suke amfani da shi, shi kuwa yana bambanta babban harafi da ƙarami. Hoton da ka sa wa suna Tambari.jpg, ka kira shi tambari.jpg a cikin shafi, zai fito lafiya lau a Windows ɗinka, ya ɓace bayan ka ɗora. Haka haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: ka yi amfani da su yadda ka ga dama a rubutun shafin, matuƙar ka adana shi da UTF-8, amma a sunan fayil ka bar su, domin a adireshi sukan rikiɗe su koma jerin lambobi da alamomi da ba mai iya karantawa a waya.

Yanzu wanda ya zo da kwamfutarsa ya buɗe ta, mu gwada tare.