Ɗakin Gwajin Stack da Yaƙin Khartoum

A tsakiyar Khartoum akwai babban ɗakin gwajin cututtuka na ƙasa, wanda 'yan gari ke kira Stack. Kafin yaƙi, can asibitocin Khartoum da Omdurman, har da na jihohi, ke aika jini da bayan gida a tantance cuta.

Ranar 25 ga Afrilun 2023, kwana goma da ɓarkewar yaƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa mayaƙa sun mamaye ginin sun kori ma'aikata. Ga ƙwayoyin kwalara da ƙyanda da shan inna a ajiye, ga wuta tana ɗaukewa.

Tara komai a gini ɗaya akwai rangwame, amma ganganci ne. Da kwalara ta afka wa Omdurman a Mayun 2025, kusa da gadon majinyaci likitoci suka fi bukatar kayan gwaji.