Tafiyar Farauta Mai Nisa: Wace Mota Za A Hau?

 Masu saurarenmu na Tiga, Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Yau maganar mota za mu yi, amma fa ba motar gayu ba. Motar da mafarautanmu suke hawa idan za su yi doguwar tafiya.

Na san wani zai ce, kai ɗan boko, me ya haɗa ka da farauta? To ai duk wanda ya tashi a yankin nan ya san da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, za ka fara jin gangi da haushin karnuka. Yayyenmu ne, ƙannenmu ne, abokan da muka yi firamare tare ne. A da dajin yana bayan gari. Yanzu gonaki sun cinye shi. Dajin Falgore kuma, wanda titin Kano zuwa Jos ya ratsa ta cikinsa, gandun gwamnati ne, ba a farauta a ciki da gaban kai, ga sojoji suna atisaye a can. Shi ya sa samarinmu suke nausawa nesa, wasu Bauchi, wasu Taraba, wasu Neja, wasu har kudu. Farautar da ake zuwa da ƙafa ta koma ta kwana biyu a kan titi. Daga nan maganar mota ta zama babba.

A Amurka akwai wata dabba da suke kira elk, dangin barewa ce amma namijinta yakan haura kilo 300. Mutum zai taso daga wata jiha mai nisa ya yi tuƙin kwana biyu zuwa Colorado ko Montana don ita. Kafin ya tashi sai ya zauna ya yi lissafi: motar tana jan ƙafa huɗu? Za ta hau dutse cikin ƙanƙara? Bayanta zai ɗauki naman? Lasisin farautarsa kuwa tun watanni ya nema, yana aljihu. Mu a nan tambaya ɗaya muke yi: nawa ne kuɗin mota? Kuma ban ga laifin kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ya zama. Ga shi bas ɗin fasinja ba za ta ɗauke ka da karnuka biyar da bindigar toka ba. Sai a tsaya bakin titi a jira tirelar da ta sauke kaya za ta koma, a yi ciniki da direba, a ɗare baya.

Kun san inda zan je. Ranar 27 ga Maris ɗin 2025, ana saura kwana kaɗan ƙaramar sallah, mafarauta 'yan jihar Kano suna dawowa daga jihar Ribas a cikin babbar motar ɗaukar siminti. 'Yan sintiri suka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

A saurare ni da kyau a nan, kar a yanki maganata a yaɗa rabi. Laifin kisan Uromi yana wuyan waɗanda suka yi kisan, su kaɗai. Ko a bayan jaki mutum ya zo, ba wanda yake da ikon ɗaukar ransa a kan zargi. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Kano ya yi ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf, an yi alkawarin hukunci, kuma ba za mu daina tambayar inda aka kwana ba. Amma yayin da muke neman adalci, rani yana sake zagayowa, samarinmu za su sake tafiya. Abin da yake hannunmu shi nake so mu duba.

Matsalar bayan tirela ita ce ba ka da suna a cikinta. Ba a tasha ka hau ba, ba wanda ya rubuta sunanka da lambar wayar ɗan'uwanka. Takardun direba na kaya ne, ba su ce komai a kanka ba. Idan aka tsayar da motar da dare a garin da ba a jin Hausa, aka ɗaga tamfol aka ga samari ashirin da karnuka da bindigogi, wa zai yi bayani? Shi kansa direban bai san sunayenku ba, ɗazu kuka haɗu. Ga shi dama doka ta hana ɗaukar mutane a kan motar kaya, don haka shi ma gudun jami'an kiyaye haɗurra yake, ya fi son tafiyar dare. Kuma idan ta faɗi, Allah Ya kiyaye, na baya ba shi da abin riƙewa.

Ni a ganina, tawagar da za ta yi tafiyar da ta haura kwana ɗaya ta ɗauki shatar mota daga tasha. Direban da aka san gidansa, motar da ƙungiyar direbobi ta san da fitarta, sunan kowa a takarda. Eh, ya fi tsada. Amma mutum goma sha biyar idan suka fara adashi tun kaka, kafin rani kuɗin shata ya taru. Muna yin adashin aure, muna yin na babur.

To wace iri? Nan ne gardama take, kuma na sha jin ta a majalisa. Hilux ita ce burin kowa: cikinta a sama yake, tana shiga yashi da kwazazzabo, bayanta ya ɗauki karnuka da kaya. Sai dai mutum biyar take ɗauka a ciki, sauran duk a baya za su zauna, ka ga an koma gidan jiya. Kuma wa yake da kuɗin shatarta? Sharon da Golf suna da gudu da sauƙin mai, kayan gyaransu ko'ina akwai, amma cikinsu a ƙasa yake. Ka loda musu mutum tara ka sauka daga kwalta, tukunyar bakin mai za ka bari a kan dutse. Kanta da a-kori-kura suna da kyau a tafiyar kusa, irin daga nan zuwa dazukan Bauchi, a je a dawo cikin yanki ɗaya inda aka san mafarauta da shigarsu.

Idan tafiyar kudu ce, ni bas nake zaɓa, Hiace ko tsohuwar J5 mai lafiya. Kowa yana da kujera, ana ganin fuskokinku ta taga, ba wanda zai ce ɓoye ku aka yi. A cire kujerar baya a yi wa karnuka wuri inda iska take shiga, don kare ba ya jure zafin rufaffiyar mota, sai ka isa da rabinsu a galabaice. Bas ba za ta shiga cikin daji ba, gaskiya ne. Ba sai ta shiga ba. Ta ajiye ku a garin ƙarshe, babur ya ƙarasa da ku. Aikin motar shi ne titin, kuma daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000: Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, Auchi, ka bi ta Uromi ka fita Agbor, ka tsallaka gadar Onitsha. Kowane gari da shingensa.

Kafin a biya kuɗin shata, wani a cikinku ya durƙusa ya duba taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, ta tsufa ko da zanenta yana nan raɗau. Tayoyin da ake kawo mana na hannu da yawa haka suke, kuma kwaltar watan Maris ba ta yi musu da sauƙi. A ga safaya da jak da idanu, kar a yarda da "suna nan a ƙasa". Jarkar fetur kuma kar ta kwana kusa da albarushi. Bindiga a sauke ta, babu komai a cikinta, a naɗe su wuri ɗaya, takardar izinin kowacce tana hannun shugaban tafiya.

Sai direba. Wallahi wannan ya fi injin muhimmanci. Ku tuna ranar 31 ga Mayun 2025, motar 'yan wasan Kano da suke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Dakatsalle, kan titin Zariya zuwa Kano. Sama da mutum 20 suka rasu, sun kusa gida, a hanyar da mu nan muke bi kullum. Hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Mutum ɗaya ba zai tuƙa daga kudu zuwa Kano a zama ɗaya ba, ko goro nawa ya ci, balle abin da ya fi goro. Ku sa a cikin ciniki tun farko: ko direba biyu, ko a kwana a hanya. A Lokoja ko Abuja a tsaya a yi barci, asuba ta yi a tashi. Garuruwan da ba a san ku ba a ratsa su da rana.

Takardu kuma su zama cikin kayan mota kamar safaya. Katin ɗan ƙasa na kowa, katin ƙungiyar mafarauta, wasiƙa daga dagaci ko hakimi da ta faɗi su wane ne ku da inda za ku, an rubuta ta da Turanci don wanda zai karanta a can. Kwafi ɗaya a mota, ɗaya a gida wajen Sarkin Baka, a ɗauki hotonta a waya. Kafin a tashi a kira Sarkin Hausawan garin da za a sauka, ya san da zuwanku, lambarsa tana wayar mutum uku aƙalla. Idan an tsayar da ku, mutum ɗaya ne zai sauka ya yi magana, wanda ya fi jin Turanci ko broka kuma ya fi sanyin zuciya.

Nan ne mu 'yan boko muke da aiki. Rubuta wasiƙar nan minti goma ne a wajenmu. Jera sunaye da lambobin waya a takarda ɗaya, a buga kwafi uku, bai kai kuɗin data na kwana biyu ba. Idan akwai tawagar da take shirin tafiya a ƙauyenku, ku je ku same su tun kafin su yi ciniki da mai mota, ku karanta musu wannan. Wanda kuma yake tuƙa bas a layin kudu, ya rubuto mana nawa shata take kamawa yanzu daga Kwanar Dangora, zan karanto a shiri na gaba don masu adashi su san abin da za su tara.