Linzami da Tsalle a Wasannin Bincike



An nemi in yi magana a kan wasannin bidiyo, na kuwa san a cikinmu akwai masu ganin abin bai kai a tara jama'a dominsa ba. To, ina roƙonsu su ba ni aron kunne na ɗan lokaci. Nau'in da zan taɓa shi ne wanda ake sakin ɗan wasa cikin wata ƙasa mai koguna da ramuka da ƙofofi a kulle, ba a nuna masa hanya ba, yana tsalle daga tudu zuwa tudu yana neman mafita. Masu sha'awarsa suna kiransa Metroidvania, sunan da aka harhaɗa daga wasanni biyu na ƙasar Japan, wato Metroid na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1986, da Castlevania na kamfanin Konami, musamman Symphony of the Night na 1997.

Yawancin masu yabon irin wannan wasa taswira suke yabo, da zane, da kiɗa. Ni kuwa a ganina tushen daɗinsa yana cikin yatsun ɗan wasa. Dalili shi ne an gina wasan a kan komawa baya. Za ka hangi wani tudu da ba ka iya kaiwa, ka wuce, sai bayan sa'o'i ka sami sabuwar dabara ka dawo. Lungu guda sai ka bi shi sau goma ko fiye. Idan tafiyar kanta ba ta da daɗi, kowace komawa ta zama aikin dole.

Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san bambancin mai jin linzami da mai taurin baki. Maɓallan da ke hannun ɗan wasa su ne linzaminsa. Yawancin waɗannan wasanni suna sauya hoto sau 60 a daƙiƙa guda, jinkirin hotuna kaɗan tsakanin danna maɓalli da motsin jarumi kuwa hannu yana jinsa ko da ido bai gani ba. Tun a Super Mario Bros. na 1985 tsawon tsalle yake bin tsawon dannawa: ka taɓa kaɗan ya ɗaga kaɗan, ka riƙe ya yi sama.

Abin mamaki shi ne linzamin da muke ce wa mai gaskiya sau da yawa rufa mana asiri yake yi. Masu yin Celeste na 2018, wanda wasan hawan dutse ne ba na bincike ba, sun bayyana irin dabarun da suka ɓoye a ciki. Idan ƙafar jarumar ta bar bakin tudu, akwai ɗan ƙyaftawar ido da za a karɓi tsallenta kamar tana ƙasa. Idan ka danna tsalle gab da saukarta, wasan zai riƙe umurnin har ta taɓa ƙasa. Ɗan wasa ya yi kuskure, amma an yi masa hukunci da niyyarsa, shi kuwa yana can yana yabon kansa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne Super Metroid na 1994. Jarumar, Samus, tana iya dukan bango da ƙafa ta sake tsalle tun farkon wasa, amma ba a rubuta maka haka a allo ba. Sai can ka faɗa wani rami mai zurfi, ka tarar da wasu ƙananan halittu suna yin dabarar a gabanka, ka kwaikwaye su. Dabarar tana da wuya ƙwarai, mutane da yawa sun sha fama da ita. Amma wanda ya ƙware yana iya isa wuraren da ba a zaci zai kai ba tukuna, ya sauya jerin wasan gaba ɗaya. A nan mabuɗin ƙofa ba wani abu ba ne da aka tsinta a akwati, gwanintar hannu ce.

Kada a ɗauka cewa sauƙi kawai nake wa'azi. A Castlevania na farko, na 1986, da zarar jarumi ya bar ƙasa ba shi da ikon sauya alkibla. Wannan tauri ya dace da wasan da ake bi gaba kawai, ana auna kowane taku. Da aka mai da gidan sarautar wurin yawo a 1997, sai aka ba Alucard jiki mai sauƙin juyawa a iska.

Hollow Knight, wanda ƙaramin kamfanin Team Cherry na birnin Adelaide a Ostareliya ya fitar a 2017, ya nuna yadda ake ƙara wa jarumi motsi sannu a hankali: zabura, sannan kama bango, sannan tsalle biyu a iska, har lungun da ka sha wahalarsa da farko ka riƙa wuce shi kamar walƙiya. A cikinsa kana iya sara ƙasa da takobi ka yi tsalle a kan abokin gaba ko ƙaya. Da magajinsa Silksong ya fito a 2025, sai aka karkata wannan saran ya zama a kaikaice. Sauyin bai wuce na kusurwa ba, amma tsofaffin 'yan wasa da yawa sun yi ta faɗawa cikin ƙaya kafin yatsunsu su saba.