Adventureland: Dajin Da Aka Dasa Da Hannu

An nemi mu ɗan yi tsokaci a kan wuraren shaƙatawa na ƙasashen waje, ganin cewa a 'yan shekarun nan da yawa daga cikinmu kan kai iyalansu hutu can. Maimakon mu yi ta kewaye-kewaye, mun zaɓi ɓangare guda na wuri guda, wato Adventureland da ke cikin Disneyland, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka. Ma'anar sunan ita ce ƙasar kasada, kuma mun zaɓe shi ne domin a nan ne aka ce an ajiye Afirka.

An buɗe Disneyland ranar 17 ga Yuli, 1955, a kan fili mai eka 160 wanda a da gonakin lemo ne. Adventureland na cikin ɓangarori biyar da aka fara da su. Daga dandalin tsakiya mutum zai bi ta ƙarƙashin wata ƙofa mai kama da aikin gora da ciyawa, da ƙetare ta sai titi ya tsuke, inuwa ta rufe, kiɗan ganguna ya maye gurbin kiɗan badujala. Taku kaɗan ne, amma an tsara su ta yadda ido ba zai ƙara hango abin da ya bari a baya ba.

Babban abin kallo shi ne yawon jirgin ruwa da ake kira Jungle Cruise, wanda yake nan tun ranar farko. Walt Disney ya ɗauko tunaninsa ne daga finafinan namun daji da kamfaninsa ya riƙa yi tun 1948, shi kuwa mai zanen wurin, Harper Goff, ya kwaikwayi jirgin da ke cikin fim ɗin The African Queen na 1951. Da farko Disney ya so a zuba dabbobi masu rai, sai masana suka nuna masa cewa namun daji barci suke yi da rana, kuma ba za su fito don an sayi tikiti ba. Saboda haka aka ƙera giwaye da dorina da kadoji na inji, waɗanda ba sa gajiya, ba sa ɓuya. Ruwan kogin an rina shi ne don kada a ga hanyar da ke riƙe da jirgin a ƙasa, ko da yake matuƙin zai yi ta juya sitiyari kamar ransa ya dogara a kai.

Aikin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na mai lambun, Bill Evans. An ba shi busasshiyar ƙasa da kuɗi kaɗan, aka ce ya fito da kurmi cikin shekara guda. Sai ya riƙa bin inda ake yanka sababbin manyan tituna yana ceto itatuwan da za a tumɓuke, ya kuma dasa wasu itatuwan lemo a kife, saiwoyinsu a sama, don su yi kama da sarƙaƙiyar bakin kogi. Yau, bayan shekaru masu yawa, abin da aka fara da dabara ya zama daji na gaske mai inuwarsa da sanyinsa. Duk wanda ya taɓa dasa bishiya ya yi ta fama da awaki zai san darajar wannan.

Tafiyar ba ta kai minti 10 ba, amma a cikinta ana ratsa kogunan Asiya, a faɗa Nilu da Kwango, a ƙare a Amazon, kamar duk unguwa ɗaya suke. Jiragen ma sunayen koguna suke ɗauke da su, irin su Congo Queen da Nile Princess da Zambezi Miss. Mun duba ba mu ga Kwara ba. Akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, an sa masa sunan Albert Schweitzer, likitan nan da ya yi asibiti a Lambarene ta ƙasar Gabon. Matuƙin kuwa ɗan barkwanci ne, daga tashi har sauka zuba yake yi, kuma yawancin dariyarsa wasa ne da kalmomin Ingilishi, don haka yara kan rigayi iyayensu ganewa.

To, a nan ne maganar tamu take. Jama'a, shekaru da dama wannan jirgi ya yi yana wucewa ta gaban mutum-mutumin baƙaƙen fata masu rawa da masu, waɗanda matuƙi ke gabatarwa a matsayin masu farautar kawunan mutane. A ƙarshen tafiyar akwai wani ɗan kasuwa, Trader Sam, mai tallar ƙyafaffun kawuna. Akwai kuma wurin da aka ƙara a 1964, inda karkanda ya kora ayarin mafarauta suka haye wani dogon itace: Bature a can ƙololuwa, 'yan dakonsa baƙaƙe masu jar dara a ƙarƙashinsa, na ƙasan su ƙahon na gab da taɓa shi. Miliyoyin yara sun yi dariya a wannan wuri, wasunsu kuwa wannan ne darasinsu na farko a kan mutumin Afirka. A watan Janairun 2021 kamfanin ya sanar zai sake waɗannan wurare, a watan Yulin shekarar kuma aka buɗe sabon tsarin. An kwashe masu masun, an mai da rumfar Trader Sam kantin kayan tsintuwa, waɗanda ke kan itacen kuma yanzu matafiya ne daga ƙasashe daban-daban.

Gyaran ya yi kyau, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai a namu ganin, an cire cin mutuncin ne, ba a maye gurbinsa da komai ba. A da Afirkar wurin dabbobi ce da mutanen daji, yanzu ta koma dabbobi zalla, birai sun karɓi aikin ba da dariya. Babu gari, babu kasuwa, babu makaranta, babu ko manomi ɗaya a bakin kogi. Kujerar da aka tanadar wa mai ziyara kuwa har yanzu ta baƙo ce, mai leƙen ƙasar da ba ta da masu ita. Idan ɗanmu da aka haifa a Abuja ko Legas ko Landan ya zauna a kanta, da idon wannan baƙon yake kallo.

Abin lura shi ne, 'yan kasadar gaskiya ba haka suka tarar ba. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Birni ya samu mai ganuwa da babbar kasuwa da marina, ya ƙiyasta mazaunansa da 30,000, ya kuma rubuta yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Wannan labari ya riga Adventureland da fiye da shekara 100, amma masu finafinan Amurka kurmi suka zaɓa, domin shi ya fi sayuwa. Ba muna cewa a ƙaurace wa wurin ba ne. Wurin wasa ne, ba a gina shi don koyar da tarihi ba. Muna cewa ne kawai uban da ya iya biyan kuɗin jirgi da tikiti, ya iya kuma ɓata minti biyar bayan an sauka ya tambayi yaronsa me ya gani, me kuma bai gani ba.

Sauran abubuwan da ke wurin ba sa bukatar dogon bayani. Enchanted Tiki Room, wanda aka buɗe a 1963, ɗaki ne na tsuntsayen inji masu waƙa da magana, kuma a nan kamfanin ya fara nuna wannan fasaha sosai. An gina shi a kan al'adun tsibiran tekun Fasifik, da sassaƙaƙƙun gumakansu, don haka mai zuwa ya san da wannan. A ƙofarsa ake sayar da Dole Whip, wani sanyayyen abin sha na abarba da ake yi wa dogon layi. Akwai gidan kan bishiya na 1962, wanda ya koma na Tarzan a 1999, aka sake masa fasali a 2023. Matakala ce zalla, masu ciwon gwiwa su jira a ƙasa.

Wanda ya fi cika shi ne Indiana Jones Adventure na 1995. Ana shiga wata mota ce mai kama da ta soja, wadda ke girgiza tana karkata a cikin duhun wani tsohon ɗakin bauta na ƙage da aka ce yana Indiya, ga wuta, ga maciji, ga ƙaton dutse yana gangarowa kan mutane. Ba a barin yaron da tsawonsa bai kai inci 46 ba, wato kimanin santimita 117, kuma ma'aikatan ba sa karɓar roƙo a kan wannan. Ana kuma gargaɗin masu juna biyu da masu ciwon baya ko na zuciya. Mai niyyar shiga ya fara da shi da sassafe, kafin layi ya yi tsawo, ya bar jirgin ruwan sai rana ta yi sanyi.